Gaisuwar da ta bi Abdulhafiz har Argungu

Akwai wani matashi a Gesse, cikin Birnin Kebbi, mai suna Abdulhafiz. Gwanin kwamfuta ne, kuma ya san shi gwani ne, wannan ita ce matsalarsa.

Duk saitin kwamfutarsa, da launin allo da gajerun umarninsa da gaisuwar da ke fitowa in ya buɗe wurin aiki, ya tara su a ma'ajiya ɗaya a intanet, irin wadda ake kira git. Kowace kwamfuta ya zauna a gabanta, sai ya jawo saitin, nan take ta koma kamar tasa.

Wanda ya koya masa wannan dabara shi ne Malam Sama'ila, dattijon ofishinsu. Ma'ajiyar ma tare suka buɗe ta tun Abdulhafiz na ɗan koyo. Sai dai Malam da yatsa biyu yake bugu, a hankali, yana leƙen allo ta saman tabarau.

Da Abdulhafiz ya ga ya fi malaminsa sauri, sai kai ya kumbura. Wata rana, don ya ba abokai dariya, ya canza gaisuwar ta koma: "Barka da aiki, gwani. Hawainiya Sama'ila bai gama layi ɗaya ba." Aka ƙyalƙyale, ya tura ta ma'ajiya, ya manta.

Bayan watanni aka nemi wanda zai koya wa ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu sabuwar manhaja. Malam Sama'ila ne ya tsaya kai da fata sai an ba Abdulhafiz, har ya raka shi.

Zaure ya cika, mutane har daga Gulma. Aka ba Abdulhafiz kwamfutar da aka haɗa da majigi. Maimakon ya fara aiki da ita yadda take, sai son burgewa ya sa ya jawo saitinsa.

Gaisuwar ta bayyana ɓaro-ɓaro a jikin bango.

Wani tsoho mai suna Dankure ya karanta da ƙarfi, sannan ya waiga. "Wanga Sama'ila da anka rubuta, ba kai na ba, Malam?"

Abdulhafiz ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya rasa ko maɓallin da zai danna.

Malam ya yi murmushi. "Ni na. Ku bar yaro shi yi aikinai, ya iya."

A hanyar komawa, Abdulhafiz ya kasa haɗa ido da shi. Da ƙyar ya ce, "Malam, ka yafe min. Wallahi ban so ka gani ba."

"Ɗana, ka mance tare munka buɗe ma'ajiyar ga? Ni ma can nika jawo saitina. Tun rad da kar rubuta shi, kullum da shi nika buɗe kwamfutata."

Ashe da wannan zagin a gabansa Malam ya zauna ya rubuta sunan Abdulhafiz don a ba shi aikin. Da yatsa biyu.

Abdulhafiz ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jakarsa.

Darasi: Abin da ka faɗa a bayan mutum yana da ƙafa, zai riga ka isa inda ba ka zata ba. Kada ka raina wanda ya kama hannunka ka koyi tafiya. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai gyara tun kafin nasa ya fito a bango.