Azara Uku a Rufin Gwaggo Tasalla

Kun gani. Kada wanda ya ce mini bai gani ba. Katangar da yaranku suke karatu a gindinta ta tsage tun damina biyu da suka wuce, kuna bi ta wajen kuna gyara zaman hula. Kun san wanda ya gina ta, kun san yashi ya fi siminti yawa a cikinta, kuka kau da kai. Yau kuma ga wata ya tsaya, shekara ta juya, kowa ya duƙa a kan waya yana aika barka da sabuwar shekara. Na tambayi samari bakwai a ƙofar masallacin nan abin da suka ƙudura bana. Wannan mota, wannan fili, wannan aure. Bakwai ɗin nan kowa ya gaya mini abin da yake so ya samu. Ko ɗaya bai gaya mini irin mutumin da yake so ya zama ba.

To ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da sunansa bai dame mu ba, tun ba a san kwanon rufi ba. Sunansa Korau, magini ne. Shi ba malami ba ne, karatunsa iya na salla ne. Ba kuma shi ne gwanin garin ba. Shekara ashirin yana taka ƙasa yana jera tubali, ba a taɓa kiransa babban aiki ba.

Ku da aka haifa a ƙarƙashin kwano, bari in gaya muku yadda ake rufin soro. Idan bango ya tashi, sai a jera azara, wato itacen giginya da aka tsaga, daga wannan bango zuwa wancan. A shimfiɗa zana a kai, a zuba ƙasa, a daddale, a yi yaɓe. Daga nan an gama. Mai ɗaki yana ganin cikin azara daga ƙasa, amma bayanta, gefen da ke kallon sama, babu mai sake ganinsa. Magini kaɗai ya san abin da ya binne.

A wata shekara Korau ya yi wa wata tsohuwa ɗaki, Gwaggo Tasalla mai saƙar faifai, wadda take riƙon jikokinta uku. Ita ta sayi azararta a wajen Barmo mai azara, masu kyau kuwa. Da aka zo jeri sai suka kasa da guda uku, don Korau ya faɗaɗa ɗakin fiye da yadda ya auna tun farko. Barmo ya tafi daji, sai bayan kwana huɗu. Ga hadari ya fara haɗowa, ga wani aiki yana jiran Korau. Sai ya zagaya wani kango a bayan gari ya zaro tsofaffin azara uku. Ya ga gara ta taɓa su ta gefe ɗaya. Ya gani da idonsa. Ya juya gefen da gara ta ci ya kalli sama, mai kyan ya kalli ƙasa, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa. Ya ce a ransa, ai guda uku ne kawai, sauran za su ɗauke su.

Damina ta zo ta wuce, rufi bai motsa ba. Korau ya kusa mantawa.

A garin nan suna da wata al'ada. Ranar cika-ciki, a cikin watan farko na shekara, mazan unguwa sukan fito da akusansu gindin ceɗiya bayan azahar. A ci a ƙoshi, sannan kowa ya faɗi burinsa na shekara, dattawa su ce amin. Korau ya shirya nasa tun da safe. Jaki yake so, ya huta da ɗaukar ƙasa a ka. Ga shi kuma a makon nan Sarkin Magina ya sa sunansa cikin waɗanda za su rufe sabon masallacin unguwa, abin da ya jira shekara ashirin.

Yana kan hanya sai Gwaggo Tasalla ta hango shi daga ƙofar gida.

"Korau! Zo nan, ɗan albarka. Karɓi wannan ka ƙara a akushinka."

"Haba Gwaggo, da kin bar wa yara."

"Yara sun ci har sun kasa tashi. Ga su can a ɗakin da ka gina mana sun baje. Tun da ka yi mana rufin nan ko ɗigo bai taɓa sauka a kanmu ba. Ina kwana ina sa maka albarka."

Korau ya leƙa. Ya ga yara uku a kan tabarma, ciki ya ɗauka, suna barcin rana. Ya ɗaga kai. Ya san su, azara ukun nan, ta huɗu da ta biyar da ta shida daga ƙofa. Daidai kan yaran suke.

A gindin ceɗiya aka yi ta faɗin buri. Wannan ya ce saniya, aka ce amin. Wannan ya ce zai ƙara gona, aka ce amin. Da aka zo kan Korau, jakin ya ƙi fitowa daga bakinsa. Aka fara kallonsa. Sannan ya ce:

"Ni bana niyya ɗaya na yi. Ba zan rufe abin da nake jin kunyar a buɗe ba."

Jatau taubashinsa ya ajiye loma. "To bawana, ashe bana ba wando za ka yi ta yawo! Jama'a a killace yara!"

Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Wannan buri ne ko wa'azi?" Dattawa dai suka ce amin, irin amin ɗin da ake yi don a wuce wurin.

Ku saurara, nan ne maganar take. Buri yana jiran gobe. Niyya kuwa, idan ta gaskiya ce, tun a ranar take fara cin mai ita.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Hansai komai. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Malam, ai bana ka ce. Wancan aikin bara ne."

"Aikin bara ne. Amma bana suke kwana a ƙarƙashinsa."

"To ka gyara mana, wa ya hana ka? Ka je ka ce kana so ka duba rufin kafin ruwa ya sauka. Ka buɗe, ka canza, ka rufe. Gara ai ba ta sallama, kowa ya san tana shiga inda ta ga dama. Amma ka buɗe baki ka ce ni na sa? A makon da aka ba ka masallaci? Malam, ka dube mu."

Ba muguwar mace ba ce, kada ku zarge ta. Shekara ashirin ita ma take jira. Korau ya auna maganar ya ga ta yi masa daɗi. Yara za su tsira, suna zai tsira. Ya ce haka za a yi.

Ya samo azara uku masu kyau, ya je ya ce wa Gwaggo Tasalla yana so ya duba rufi. Ta yi mamaki, amma ta fitar da kayanta tsakar gida. Da hantsi ya hau ya fara sarar ƙasa. Kun san ba a fasa rufi a ɓoye. Kafin ya kai ga zana maƙwabta sun taru, har Sarkin Magina da yake wucewa ya tsaya yana kallo.

Korau ya yaye zana. Ya kama azara ta biyar zai ɗaga, ta karye a hannunsa kamar karan dawa. Cikinta duk ya zama gari. Ta huɗu da ta shida ɓawo ne kawai ya rage. Mata suka ɗauki salati.

Sarkin Magina ya karɓi guntun ya murza a tafinsa. Ya ce, "Wannan ba za ta ga ƙarshen damina ba. Ruwan farko mai ƙarfi, da sai dai a tono su. Korau, Allah ya yi maka albarka. Magini ke nan, wanda yake jin ciwon rufi tun daga waje."

Jama'a suka ɗauka, Allah ya yi albarka, Allah ya yi albarka. Korau yana tsaye a kan bango, ƙura a fuskarsa, bai ce komai ba. Shirun nan kaɗai ake nema daga gare shi.

Sai Gwaggo Tasalla ta ɗora hannu a ka. "Barmo! Barmo ya cuce ni! Na ba shi amana ya haɗa mini da ruɓaɓɓu! Da jikokina zai kashe!"

Wani ya ce, "Dama ni ban yarda da mutumin nan ba." Wani ya ce, "A kai shi gaban mai unguwa." Sarkin Magina ya ce daga yau kada maginin da ya sake taɓa azarar Barmo. Barmo kuwa yana daji yana saran giginya, bai san ana binne shi a gari ba.

Korau ya dubi karyayyar azara. Ya ga abin da yake yi. Ya juya gefen da gara ta ci sama, yana shirin zuba ƙasa, karo na biyu. Bara itace ya binne. Bana mutum zai binne.

Ya sauko daga bango. Ya durƙusa a gaban tsohuwar.

"Gwaggo, ba Barmo ba ne. Azararsa ga su can, ko ɗaya ba ta motsa ba. Waɗannan ukun ni na zaro su daga kango. Na ga gara a jikinsu, na juya su, na rufe."

Gwaggo ta sauke hannunta daga ka.

"Ka gani?" in ji ta.

"Na gani, Gwaggo."

"Ka gani ka rufe. Na yi shekara ina sa maka albarka." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Azara uku, Korau. Jikokina uku. Tashi daga gabana. Hau ka gama abin da ka fara, kuma ba za ka zuba ko tafin ƙasa ba sai na taɓa kowace da hannuna."

Sarkin Magina ya kaɗe hannunsa. "Masallaci kuma ka manta da shi."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Aka kawo tsani. Tsohuwar nan ta hau, ana riƙe da ita, ta bi azara ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da sandarta, ciki da baya. Sai da ta ce to, sannan Korau ya shimfiɗa zana.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce washegari ya tsinci tukunyar zinariya, ko aka naɗa shi Sarkin Magina. Ba a yi ba. Kun saba da labarin da ake biyan mai gaskiya kafin magariba, shi ya sa idan kuka yi gaskiya sau ɗaya ba a tafa muku ba sai ku ce ba ta da amfani. Korau ya rasa masallaci. Jaki bai samu ba. Shekarar nan yaɓen rumbu da toshe ɓarakar katanga ya yi ta yi, Hansai ta ƙara da surfe a gidajen mutane, wani lokaci kwana biyu ba ta yi masa doguwar magana. Gwaggo Tasalla idan ta hango shi sai ta juya fuska.

Amma daga ranar, duk ɗan rufin da ya samu, ba ya zuba ƙasa sai ya kira mai ɗaki ya hau ya ƙwanƙwasa kowace azara. Jatau yana tsokanarsa, "Bawana, yau wace tsohuwa za ka ɗora a tsani?" Sannu a hankali masu gida suka fara ce wa sauran magina, "Dakata, kada ka rufe, a yi mini irin na Korau." Magina suka ji haushi, amma suka yi. Barmo ya dawo daga daji ya ci gaba da sana'arsa, sunansa bai taɓu ba.

Daminar ta yi ƙarfi. Aka yi marka ta kwana uku, soraye biyu suka rufta a garin. Na Gwaggo Tasalla yana tsaye.

Da cika-ciki ta zagayo, Korau yana kan hanyar gindin ceɗiya, ya sunkuyar da kai zai wuce ƙofarta. Ta ce, "Kai. Miƙo akushin." Ta zuba masa, ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Bara wanda ban sani ba na sa wa albarka. Bana na san wanda nake sa wa. Wuce."

To jama'a, ga abin da nake so ku ɗauka. Niyyar shekara ba jerin kayan da kake so a ba ka ba ce. Hali ne guda ɗaya da ka zaɓa ka ce a kan wannan zan tsaya, ko me zai ci mini. Kuma idan niyyarka ba ta koma baya ta taɓa aikinka na bara ba, ba niyya ka yi ba, ado ka yi wa bakinka.

Kowannenmu magini ne, kowa yana da azararsa uku. Kai bakanike da ka mayar da tsohon birki ka ɗaure ka ce sabo ne, mutane suna cikin motar nan bana. Ke malama da kika tura yaro aji na gaba kin san bai iya haɗa baƙi ba. Kai da ka sa hannu a kan katangar nan ka ce ta yi. Kai da ka bari aka zagi wani a kan laifinka, kana zaune kana cewa Allah ya kyauta. Da ni da nake muku wannan ihun, ni ma na san tawa.

Kada ka gaya mini burinka, ba na son ji. Ka san azararka, ka san ta nawa ce daga ƙofa, ka san wanda yake kwana a ƙarƙashinta. Mayar da wayar aljihu. Tashi ka je wajensa yau, kafin la'asar, ka buɗe rufin da hannunka, ka ce ni ne.