Kwandalar Tsohon Makaho

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai gyaran agogo, gwani a sana'arsa, wanda ba a taɓa jin ya ci kayan kowa ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: tara sulallan ƙasashen waje. In direba ya dawo daga doguwar tafiya, ko ɗan kasuwa ya sauka daga jirgi, sai ya tare su ya saya. Yana da akwatin katako mai shimfiɗar jan ƙyalle, kowane sule da gurbinsa. In ciniki ya lafa, sai ya maƙala madubin aikinsa a ido, ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan haramun ne? A'a. Amma ku ji inda son abu ya kai shi.

Akwai wata ƙasa da ya haɗa sulallanta kaf, saura kwandala guda mai huda a tsakiya, wadda aka daɗe da daina bugawa. Shekara shida yana nemanta, gurbinta na nan wayam.

A bayan shagonsa akwai wani tsoho makaho da ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciyarsa. Ɗansa kullum yana wurin aiki. Matar ɗan ce ke dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, ta riƙe hannunsa zuwa bayi. Wata rana mai agogo ya shiga gaishe shi, hira ta yi daɗi, tsoho ya zaro 'yar jaka daga ƙarƙashin matashi. Sai ga kwandalar nan.

Ya ce, "Baba, sayar mini. Faɗi ko nawa kake so."

Tsoho ya ce, "Ɗana, ba ta sayarwa ba ce. Ita na kawo wa marigayiya matata tsaraba a tafiyata ta farko. Tana wuyanta har ta rasu."

Daga ranar mai agogo ya yawaita zuwa gaisuwa, yau da lemo, gobe da turare. A shago kuwa ya sami wani sule, ya goge shi, ya huda shi daidai da waccan. Ranar da tsoho ya fita alwala, ya musanya. A ransa yana cewa, makaho ina zai gane?

Yatsun tsoho suka gane tun taɓawar farko. Ya fashe da kuka. Wa ke shiga ɗakin kullum? Wa ke ɗaga matashin? Aka ce surukarsa ce. Ta rantse, ta sake rantsewa. Aka zazzage akwatinta a tsakar gida, a gaban maƙwabta. Mai agogo yana tsaye a cikinsu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ta. Abin da ya ce kawai shi ne, "A yi haƙuri."

Wata bai ƙare ba mijinta ya sake ta, ta tafi da ciki wata biyar. Tsoho ya rasa mai kula da shi, ya zame a bayi, ya karye a ƙugu. Ya rasu yana cewa bai yafe mata ba.

Shekara biyu mai agogo yana ɓoye kwandalar. Sai wani dillalin sulalla ya zo yana cika baki da kayansa. Zuciya ta ɗebi mai agogo, ya fito da ita ya nuna. Dillali ya baza labari a kasuwa, labari ya kai kunnen ɗan tsoho. Ya zo ya gane kwandalar mahaifiyarsa ce, asiri ya tonu.

Wa zai sake damƙa wa ɓarawo agogonsa? Mutane suka zo suka karɓe kayansu. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu. Akwatin nan ya sayar da shi a wulaƙance don ya ci abinci.

Sannan ne ya tafi neman matar da aka saka, ya roƙi gafara. Yayanta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ka makara. Wajen haihuwa ta rasu, ita da abin cikinta. Je ka."

Ya 'yan uwa, wa zai roƙa yanzu? Tsoho yana kabari, matar tana kabari. Haƙƙin bawa ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Mai agogo yana nan da rai, yana zama a bakin rufaffen shagonsa.

Duk wanda ya san an ɗora wa wani laifinsa, ya tashi yau ya faɗa, tun mai haƙƙin yana numfashi.

Allah ya tsare zukatanmu daga son abin da ba namu ba, ya kiyaye mu da shirun da ke halaka bayinsa. Amin.