Khairat Ta Ƙi Kiran Gishiri Furotin

Akwai wata ɗaliba mai suna Khairat, 'yar Ƙofar Wambai, da take karatun digirin digirgir a wata jami'a a nan Bauchi. Bincikenta a kan dafin kububuwa ne, macijin da ya kashe kawunta a gona tun tana ƙarama.

A cikin dafin akwai wani furotin mai hana jini daskarewa. Idan aka gano siffarsa, za a iya neman maganin da zai toshe shi. Amma ba a ganin siffar furotin sai an sa shi ya dunƙule kamar ƙwayar sukari, abin da suke kira kiristal. Daga nan a aika ƙasar waje a haska shi da eksire.

Ta daɗe tana haɗa ɗigo-ɗigon ruwan gwaji, ba abin da ya fito. Kwatsam wata safiya ta leƙa madubin ƙara girma, sai ga kiristal manya, masu sheƙi.

Shugaban ɗakin gwajin, Dakta Mudathir, ya gani ya yi kabbara. Kafin azahar ya sanar da manyan jami'a, har ya sa ranar taro.

Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba. Ta ɗiga shuɗin rini a kai. Kiristal ɗin furotin yakan sha rini ya yi shuɗi, waɗannan ko gezau. Ta danna ɗaya da tsinin allura, ta ji ƙaras. Na furotin laushi gare shi, murmushewa yake yi.

Ta same shi a ofis. "Dakta, ina jin gishiri ne. Daga ruwan da muke jiƙa furotin ɗin ya fito."

Ya ɗaure fuska. "Kina ji, ko kin tabbata?"

"Gwaji biyu na yi, duka abu ɗaya suka nuna."

"Na riga na faɗa wa mutane. Ranar taro ki tashi ki yi bayani, sauran ki bar mini."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ba zan tsaya gaban jama'a in kira gishiri furotin ba."

"To ki ajiye makullin ɗakin sanyi da kike gwajinki a ciki. Ki nemi wanda zai sa miki hannu a digirin."

Ta ajiye makullin a kan teburinsa, ta fita.

Ƙawarta Nneoma, wadda aka haifa a Wunti, tare suke karatu, ta biyo ta har bakin titi. "Khairat, ki koma ki ba shi haƙuri mana. Idan gishiri ne, ai na'urar eksire za ta faɗa. Me ya kai bakinki?"

"Sunana ne a kan aikin. In na yi ƙarya yau, gobe wa zai yarda da ni in na ce ga magani?"

Aka yi taro ba da ita ba, aka tafa wa Dakta, aka aika kiristal ɗin waje. A sashen kuwa wasu suka daina amsa gaisuwarta, ana cewa yarinyar nan kanta ya kumbura.

Ba ta zauna kuka ba. Ta shiga dandalin intanet inda masana wannan fanni suke taimakon juna, ta rubuta duk abin da ta haɗa, ba ta ɓoye kuskure ko ɗaya ba. Suka nuna mata cewa sinadarai biyu da ke cikin ruwanta ne suke haɗuwa su haifi gishiri. Ta canza ɗaya.

Saura zafi, wanda yake lalata furotin, tunda an hana ta ɗakin sanyi. Ta sayo tukwanen ƙasa biyu a kasuwar Wunti, ta sa ƙarama cikin babba, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi don kayan gwajinta su zauna cikin sanyi. Nneoma ta ba ta gefen bencinta na aiki a ɗakin gwaji. Masu wucewa suna dariya, wai ta koma sayar da ruwan sanyi.

Sakamakon kiristal ɗin da Dakta ya aika ya dawo: hoton eksire ya nuna ɗige kaɗan, manya, nesa da juna. Gishiri ne. Sai da ya rubuta wa manyan jami'a ya janye maganarsa.

Bayan watanni, Khairat ta ga wasu 'yan ƙananan kiristal kamar tsinin allura, marasa kyan gani. Ta ɗiga rini, suka yi shuɗi. Aka aika su waje, hoton ya dawo cike da ƙananan ɗige a jere, alamar furotin na gaske.

Dakta Mudathir ya zo da ƙafarsa har bencin Nneoma. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ranar nan ba ki ji tsorona ba?"

"Na ji, Dakta. Har na kasa cin abinci."

"To me ya hana ki bi?"

"Wanda maciji ya sara ba ya buƙatar tafi, magani yake jira."

Ya ajiye hoton. Ya ce, "Kawo babin farko na kundin digirinki in karanta."

Darasi: Girmama na gaba wajibi ne, amma ba ya nufin ka sa hannu a kan abin da ka san ba gaskiya ba ne. Ka faɗi a'a cikin ladabi, ka jure abin da zai biyo baya, ka ci gaba da aikinka. Ku tura wa duk wani ɗalibi ko ma'aikaci da ake matsa wa ya yi shiru.