Wainar Sunan Ɗan Kura

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta ƙaraso, kunnenmu na buɗe!

Bushiya ce ke sana'ar waina a bakin kasuwa, tare da ma'aikatanta uku, Zomo da Biri da Kunkuru. Kowa sai ya taɓa aikin da ya ga dama, shi ya sa kullum rabin wainar ke ƙonewa.

Wata safiya sai ga Kura. Ta ce, "Yau sunan ɗana. Ina son waina ɗari uku kafin azahar. In babu, ku zan dafa wa baƙina."

Tana juya baya wuri ya rikice. Zomo ya zuba gishiri a ƙullu, Biri ya ƙara, Kunkuru ya ture man gyaɗa. Har hantsi ba su soya ko ashirin ba.

Bushiya ta daka tsawa, "Ku tsaya! Zomo, kai ne mai sauri, itace da ruwa naka ne. Malam Kunkuru, kana da haƙuri, kai za ka riƙa juyawa. Biri, zuba ƙullu."

Biri ya ce, "Uwar ɗakina, ni na fi iya kwashewa."

"Ka fi iya cinyewa dai. Ni zan kwashe."

Tanda ta ɗau zafi, waina na fita layi-layi. Ana kiran salla Kura ta iso tana lasar baki, idonta a kan Zomo. Ta ƙirga sau biyu, ɗari uku cif. Ta ɗanɗana ɗaya.

Sai ta ce, "Jibi bikin ƙanwata. Ɗari shida."

Bushiya ta share zufa ta ce, "Zomo, ruga ka sayo tanda ta biyu."

Ƙurunƙus kan ƙadangare, ta koma inda ta fito!