Tasha ta Goma Sha Bakwai

Akwai wani mai gyaran talabijin da mutanen layi suka laƙaba wa Mai-Sharhi, har sunansa na yanka ya ɓace. Hannunsa na aiki, bakinsa kuma ba ya hutu. Siyasa, yaƙin da ake gwabzawa a bakin iyaka, tarbiyyar 'ya'yan zamani, har wasan kwaikwayon da mata ke kallo da yamma, babu abin da ba ya yanke wa hukunci.

Yana da wata ɗabi'a da yake taƙama da ita. Duk talabijin ɗin da aka kawo masa, da zarar ya tashi sai ya duba tashar da aka bar shi a kai.

"Mutum zai iya yi mini ƙarya," in ji shi, "amma talabijin ɗinsa ba zai iya ba."

Wata Alhamis, wani dattijon kafinta da bai fi wata biyu da tarewa a layin ba ya shigo rungume da tsohon talabijin naɗe cikin bargo.

"Malam, don Allah ka taimaka ya tashi kafin Talata ƙarfe biyar. Mai ɗakina ce ke kallo. Ƙafafunta sun riƙe, ba ta iya fita."

"Talata ƙarfe biyar? Wane wasa ake yi a lokacin, Baba?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Wani shiri ne dai."

Matsalar ba ta taka kara ta karya ba, waya ɗaya ce ta saki. Cikin minti ashirin, bayan dattijon ya tafi, hoto ya fito. Sai Mai-Sharhi ya daskare da sukudireba a hannu. Tasha ta goma sha bakwai ce, tashar mutanen da ake yaƙi da su, ga tutarsu nan a kusurwa. Ya ɗauki rimot ya duba. Lamba ɗaya da lamba bakwai sun goge saboda dannawa, sauran kuwa kamar ba a taɓa su ba.

Ya leƙa shagon Tela, maƙwabcinsa. "Zo ka ga abin da muke zaune da shi!"

Tela ya zo ya gani, ya ce ƙila kuskure ne.

"Kuskure ne ya goge lambobi? Kai ka san daga ina ya taso? Ka taɓa ganin baƙo a gidansa? Me ya sa labulensa kullum a sake? Kuma Talata, ƙarfe biyar cif! Saƙo ake aiko masa, wallahi."

Nan take ya yanke shawara: talabijin ɗin nan ba zai bar shagon ba sai Talata ta wuce.

Kafinta ya dawo ran Asabar, aka ce masa kayan gyara ba su iso ba. Ya dawo ran Litinin, idonsa ya faɗa.

"Malam, bari in gaya maka dalilin da ya sa..."

"Ba sai ka faɗa ba, Baba. Mun san dalili."

Kafin yamma magana ta zagaye layi. Wanda ya ba Kafinta aikin kujeru ya ce ya fasa. Dattijon ya ƙwanƙwasa gida uku yana roƙon a bar shi ya kalli rabin awa kawai gobe, duk wanda ya ji lambar tashar sai ya rufe ƙofa.

Matar Mai-Sharhi ce kaɗai ta taka masa burki. "Baban yara, ka tambayi bawan Allahn nan kuwa?"

"Ke kin taɓa ganin ɗan leƙen asirin da ya ce ga ni? Ki bar siyasa, ba fanninki ba ne."

"To, Allah ya sa kada ka ji kunya."

Ran Talata ƙarfe biyar, Mai-Sharhi ya tara 'yan majalisarsa, ya ja ƙofar shago rabi, ya kunna talabijin ɗin Kafinta don a kama saƙon da ido. Ashe shirin fursunonin yaƙi ne. Ana fito da sojojin da aka kama ɗaya bayan ɗaya, kowa a ba shi rabin minti ya gai da gida.

"Shiri ne!" in ji Mai-Sharhi. "'Yan wasa ne aka sa wa kaki."

"Ka bari mu ji mana," in ji Tela.

"Ku ji me? Ƙarya? Ni zan yi muku bayani."

Ya danna rimot ya kashe muryar gaba ɗaya, ya tsaya gefen talabijin yana zuba. A lokacin aka fito da wani ramammen saurayi mai tabo da ya raba girarsa ta hagu. Bakinsa na motsi. Ya dafa ƙirjinsa sau biyu, hawaye ya gangaro masa.

"Ku duba hawayen haya!" Mai-Sharhi ya ce. Wasu suka yi dariya, Tela dai bai yi ba.

Washegari da safe Mai-Sharhi ya saɓa talabijin ya kai gidan Kafinta da kansa. Ba don kirki ba, so yake ya ga cikin gidan.

Ɗaki ne ƙarami, fes. Tsohuwa na kwance a gado, fuskarta na kallon wani teburi wanda babu komai a kai. Mai-Sharhi ya ajiye kayan yana ƙare wa bango kallo, yana neman tuta ko taswira. Abin da ya samu hoto ne guda ɗaya: saurayi cikin kakin sojan ƙasarsu, yana murmushi, da tabo a girarsa ta hagu.

Saurayin jiya ne.

"Autanmu ne," in ji Kafinta. "Wata goma sha ɗaya ke nan da aka ce ya ɓace a fagen daga. Ba gawa, ba labari. Inda muka taso mutane har ta'aziyya suke zuwa yi mana, ita kuma ba ta iya jurewa, shi ya sa muka baro can. Kowace Talata abokan gaba suna nuna waɗanda ke hannunsu, sau ɗaya tak, ba sa maimaitawa. Ba mu taɓa tsallake ko ɗaya ba sai jiya."

Mai-Sharhi ya juyo ya fuskanci dattijon.

"Baba, ni na riƙe talabijin ɗin da gangan. Tun ran Alhamis ya tashi. Na kunna jiya... na gan shi. Yana da rai."

Tsohuwar ta yunƙura ta zauna, abin da ta yi makonni ba ta yi ba. "Alhamdulillahi! Alhamdulillahi!" Ta kamo hannun rigarsa. "Ɗana, me ya ce? Ya ambace ni? Yaya muryarsa, da ƙarfi?"

Mai-Sharhi ya kawar da ido daga gare ta.

"Na kashe muryar, Mama. Ni ne nake magana."

Ba wanda ya zage shi, kuma da zagin aka yi masa da ya fi sauƙi. Kafinta ya juya fuska ga bango. Tsohuwar ta dube shi ta ce a hankali, "To, nuna mini yadda ya yi."

Mai-Sharhi ya durƙusa gaban gadon, ya dafa ƙirjinsa sau biyu. Ta ce ya sake. Ya sake, yana kuka.

Darasi: Ra'ayinka naka ne, amma kada ya toshe maka kunne. Kafin ka yanke wa mutum hukunci kan abin da yake kallo ko ɓangaren da kake zaton yana bi, ka bar shi ya ƙarasa maganarsa, domin akwai kalmar da in ka hana a ji ta, ba za ta sake dawowa ba. Ku tura wa 'yan majalisarku, musamman mai katse kowa.