Furen Tsauni da Karkataccen Rawani

An ruwaito a littattafan mutanen da, Allah ne masani, cewa an yi wani sarki mai suna Zakwanu a wani birni na gindin tsaunuka. Wata rana ya yanke wani hukunci, sai wazirinsa Hambali ya ce masa a bainar jama'a, "Ranka ya daɗe, hukuncin nan ya karkace." Sarki ya hasala, ya kore shi daga ƙasar.

Shekara goma sha biyu Sarki bai ƙara jin wata magana ba sai "Gaskiya ne, Zaki." Har yakan naɗa rawaninsa a karkace da gangan, ya zauna tun hantsi har la'asar, ko wani zai tanka. Ina! Fada cike maƙil, shi kuwa kaɗaici na cinsa.

Rannan wani falke, Madugu Jatau, ya kawo gaisuwar wani ɗan tsiro mai ƙaya, ba ganye, dunƙule kamar albasa. Ya ce a ƙwanƙolin tsauni yake fitowa, yana kuma yin jan fure. Sarki ya sa aka dasa shi a lambu, ana ba shi ruwa safe da yamma. Kafin wata ya cika ya ruɓe.

Sarki ya tara fadawa ya ce, "Me zai sa abin da ya rayu a kan dutse ya mutu a lambuna? Ko kambun baka ne?"

Suka ce, "Gaskiya ne, Zaki."

Madugu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yi mini aikin gafara in ba da labari. Bara sanyi ya tsare ni a mashigin tsauni. Na iske wani tsoho shi kaɗai a bukkar duwatsu, ba mata, ba maƙwabci, sai waɗannan tsirrai da yake gaisarwa kowace safiya. Ya nuna mini yadda suke nutsewa cikin tsakuwa da rani, sai ka rantse sun mutu. Shi ya ba ni wannan, ya ce in kai wa sarkin gindin tsauni, kada in faɗi kome sai ya ruɓe. Sa'an nan in ce: abin da aka halitta don iska da sanyi, yawan ruwa ke kashe shi, kuma daga saiwa yake farawa, inda ido ba ya gani."

Nan take Sarki ya gane maganar Hambali ce. Kashegari ya hau, Madugu na yi masa ja-gora, ya bar fadawa a baya. Kwana tara ana tafiya, na ƙarshe da ƙafa. Ya iske duwatsu sun yi ja wur da fure, ga Hambali zaune a tsakaninsu, ya tsufa tukuf.

Sarki ya ce, "Waziri, na zo biko. Ni ne da laifi."

Tsoho ya dube shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, rawaninka ya karkace."

Sarki ya fashe da kuka. Ya durƙusa, Hambali ya gyara masa naɗin da hannunsa. Suka sauko tare, aka mayar masa da wazircinsa, Madugu kuwa aka ba shi riga da doki.

Masu hikima suka ce, wanda kowa ke ce masa "gaskiya ne" ba shi da kowa. Iyakar abin da na tarar a rubuce ke nan.