Haƙoran Barau da Saje Gambo

Ni Barau maƙeri, duk garinmu an san ko kaza ta fi ni zuciya. Amma da Bature ya zo binciken 'yan doka, ni aka tura gabansa, ga Saje Gambo tsaye da kulkinsa.

Bature ya ce, "'Yan doka suna dukan talakawa? In ka yi ƙarya, sai gidan yari."

In na ce e, kulki. In na ce a'a, kurkuku.

Na ce, "Ranka ya daɗe, harshena matsoraci ne, tambayi haƙorana. Ƙirga su."

Ya leƙa. "Ashirin da tara."

"Rubuta. In ka dawo wata mai zuwa ka same su cif, Saje mutumin kirki ne. In sun ragu, ka sami amsarka."

Muna fita Saje ya ce, "A cikin haƙoran akwai mai girgiza?"

Na ce, "Guda biyu, Saje."

Tun daga ranar ya sa mini ido. Ya ƙwace raken hannuna, ya hana mahauta sayar mini da tsire. Na tsira daga kulki kam, amma wata guda cur kunu na sha kamar jariri.